Yadda Masu Aikin Jinga Ta Manhaja Ke Samun Ƙarin Kuɗi A Daren Oscar, AMVCA Da Ballon d'Or

A daren 2 ga Maris, 2014, ana tsakiyar bikin ba da kyautar fina-finai ta Oscar a zauren Dolby da ke Hollywood, mai gabatar da bikin, Ellen DeGeneres, ta shigo da wani mai kai saƙon abinci ɗauke da kwalayen fiza, aka riƙa rarraba wa taurarin da ke sahun gaba. Washegari ta gayyace shi shirinta na talabijin, ta damƙa masa tukuicin dala 1,000. Har yau ana tuna wannan labari idan aka zo maganar abin da ƙananan ma'aikata ke samu a irin wannan dare.

Sai dai mutum ɗaya ne ya taki wannan sa'a. A daren nan akwai ɗimbin direbobi, masu kai abinci, masu zane da masu yanka bidiyo da babu kyamarar da ta haska su, amma sun kwana da ƙarin kuɗi a aljihu. Akwai kuma waɗanda suka ƙona mai da data suka tashi a tutar babu. Abin da ya raba su shi ne shiri da lissafi. Bikin kansa awa uku ne zuwa huɗu, amma ranarsa sananniya ce tun watanni kafin ta zo, kuma yawancin kuɗin da ke cikinta na wanda ya gama shirinsa ne kafin a kunna kyamara.

Su wane ne masu aikin jinga ta manhaja?

Jinga tsohuwar kalma ce. Manomi kan yi jinga da mai noma a kan kaza kaza, idan ya gama a biya shi, kowa ya kama gabansa. Babu albashin wata, babu fansho. Abin da ya sauya yanzu shi ne waya ce ke haɗa mai aiki da mai neman a yi masa. Direban Uber, Bolt ko inDrive, mai kai abinci na Chowdeck ko Glovo, mai zane ko fassara a Fiverr da Upwork, mai kula wa wani kamfani da shafinsa na Facebook, duk aikin jinga suke yi. Ana biyansu ne a kan kowace tafiya ko kowane aiki, don haka ranar da buƙata ta yi yawa ita ce kasuwarsu.

Daren bikin kyaututtuka na cikin irin waɗannan ranaku. Mutane da yawa suna son abu ɗaya a lokaci ɗaya: mota zuwa wajen taro, abincin da za a ci ana kallo, hoton wanda ya ci kyauta, fassarar abin da ya faɗa. Buƙatar tana zuwa kashi uku. Akwai ta makonnin da ke gaban bikin, akwai ta daren kansa, akwai ta kwana biyu ko uku bayansa. Yawancin masu fara wannan harka ta tsakiyar kaɗai suke gani, alhali ita ce mafi gajarta kuma mafi yawan masu rububi.

Abu na farko: sanin agogo

Wanda ke Los Angeles ko Legas zai iya zuwa kusa da inda ake bikin. Wanda ke Kano, Zinder ko Kumasi kuwa ta intanet zai yi aikinsa, kuma agogo ne zai faɗa masa wane biki ya dace da shi.

Oscar: daga 2024 ana fara shi da ƙarfe 4 na yamma agogon Los Angeles. A bikin 2 ga Maris, 2025, wannan ya yi daidai da ƙarfe 1 na daren Litinin a Najeriya da Nijar, aka kuma tashi dab da asuba.

Grammy: babban shirin 2 ga Fabrairu, 2025 ya fara ne da ƙarfe 2 na dare agogon Najeriya. Amma yawancin kyaututtukan Grammy ba a wannan shirin ake ba da su ba. Akwai ƙaramin biki da ake yi tun da rana a can, ana kuma nuna shi kyauta a YouTube, wanda ke faɗawa wajen ƙarfe 9:30 na dare a Najeriya. A nan ne Tyla ta karɓi kyautar waƙar Afirka a 2024, Tems ta karɓa a 2025. Mai yi wa shafin Najeriya aiki da ya saita ƙararrawa ƙarfe 2, zai tarar an riga an ci kasuwa.

AMVCA: kamfanin MultiChoice ne ke shirya shi tun 2013, a otal ɗin Eko da ke Victoria Island a Legas. A shekarun nan ana yin sa ne a watan Mayu, ranar Asabar, jan kafet tun da la'asar, babban bikin bayan magariba. An shafe shekaru ana ware wa fina-finan Hausa rukuni a cikinsa, shi ya sa masu bin Kannywood suka san shi.

Ballon d'Or: a shekarun da suka gabata an riƙa yin sa a zauren Châtelet da ke birnin Faris, da daddare, kuma tazarar agogon Faransa da na Najeriya ba ta wuce awa ɗaya. Shi da bikin gwarzon CAF, wanda Victor Osimhen ya ci a 2023, Ademola Lookman ya ci a 2024, su ne suka fi jan hankalin masu karanta Hausa.

Wani abin lura shi ne Amurka da Turai suna matsar da agogonsu sau biyu a shekara, Najeriya da Nijar kuwa ba sa yi. Amurka tana sauyawa a Lahadi ta biyu ta watan Maris, wato dai lokacin da Oscar ke yawan faɗawa. Shi ya sa bikin 2024 ya fara da ƙarfe 12 na dare a Najeriya, na 2025 ya fara da ƙarfe 1, duk da cewa a can lokacin bai canza ba.

Direbobi da masu kai saƙo

Manhajojin ɗaukar fasinja irin su Uber da Bolt suna ƙara farashi da kansu idan masu neman mota a wata unguwa suka fi motocin da ke wurin yawa. Direba yana ganin wannan a taswirar wayarsa, inda unguwar ke sauya launi. Matsalar ita ce duk direbobin gari suna ganin taswirar nan. Da zarar sun yi dafifi zuwa wurin, motoci sun yi yawa, farashin ya sauko. Wanda ya taso daga nesa yana bin launi sau da yawa yakan iso bayan ya goge.

Matsala ta biyu ita ce ƙofar zauren ba nan ne kasuwar take ba. A Los Angeles ana rufe wani ɓangare na titin Hollywood kwanaki kafin Oscar, a ranar bikin kuma jirgin ƙasa na cikin gari ba ya tsayawa a tashar da ke ƙarƙashin zauren. Taurari suna zuwa ne a motocin da aka tanada musu. Fasinjan direban manhaja su ne masu zuwa liyafar kallo a gidaje da otal-otal, da masu aikin girki da kwalliya, da masu zuwa shagulgulan bayan biki a unguwanni irin su Beverly Hills da West Hollywood.

A Legas ma haka abin yake. Titin Adetokunbo Ademola, inda otal ɗin Eko yake, yakan cushe a daren babban taro. Direban da ya kutsa ciki zai iya shafe awa guda a kan tafiya ɗaya. Wanda ya san gari yakan yi jigilar masu zuwa daga Lekki, Ikoyi da Ikeja da la'asar, ya fice kafin cunkoso ya kama, ya huta, sannan ya dawo kusa wajen lokacin tashi. Masu babur su tuna cewa tun 1 ga Yuni, 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Eti-Osa, wadda Victoria Island ke ƙarƙashinta. Babur ɗin kai saƙo yana da nasa ƙa'idojin rajista, kuma wanda takardunsa ba su cika ba gara kada ya doshi wurin.

Ga mai kai abinci, lokacin da ya fi tsoka shi ne awa ɗaya zuwa biyu kafin a fara, don babu mai son tashi daga gaban talabijin idan an soma. Tsayawa kusa da gidajen abinci masu saurin haɗa oda ya fi yawo riba.

A nan ne lissafi ke shigowa. Ga misali kawai, ba farashin wata kasuwa ba. A ce direba ya tara naira 60,000 a daren. Manhaja ta cire kamashonta, a ce kashi 20 cikin 100, wato 12,000. Mai ya ci 15,000. Data, abinci da wankin mota 3,000. Ya ware 5,000 don gyara. Saura 25,000. Idan a daren Asabar na yau da kullum 18,000 yake saura masa, to ribar bikin 7,000 ce. Idan kuma gajiya ta sa ya rasa aikin safiyar Lahadi da ke kawo masa 10,000, to faɗuwa ya yi, ko da yake wayarsa ta nuna masa babbar lamba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya zama dole ga duk mai tuƙi.

Masu zane, rubutu, fassara da bidiyo

Wannan ne ɓangaren da nisa ba ya hana kowa. Jaridun intanet, gidajen rediyo, shafukan ƙwallo da na fina-finai duk suna son su riga wasu wallafa sakamako, kuma ƙananan cikinsu ba su da ma'aikacin da zai kwana a kai. Ga irin aikin da suke saya:

• Katin sanarwa, wato hoto mai ɗauke da sunan wanda ya ci da rukunin da ya ci.
• Rubutun kai tsaye a shafi, ana sabunta shi duk bayan an sanar da kyauta.
• Fassarar muhimman kalaman waɗanda suka ci zuwa Hausa.
• Gajeren bidiyon sharhi da muryar mai gabatarwa, tare da rubutu a ƙasansa.
• Taƙaitaccen rahoto na safe ga waɗanda suka yi barci.

Sirrin aikin shi ne ana fitar da sunayen 'yan takara makonni kafin biki. Idan rukuni yana da mutum biyar, mai zane zai haɗa kati biyar a Canva ko Photopea tun da wuri, ya jera su a folda da suna mai sauƙin nema. Idan aka sanar, aikinsa bai wuce zaɓar fayil ya tura ba. Haka marubuci zai tanadi taƙaitaccen tarihin kowane ɗan takara, ya bar gurbin jumlar farko kawai.

Amma shiri yana da nasa tarkon. A Oscar na 2017 an miƙa wa masu sanarwa ambulan da ba shi ba, aka ce fim ɗin La La Land ne ya ci babbar kyauta. Sai da masu fim ɗin suka hau dandamali suka fara godiya, sannan aka gyara aka ce Moonlight ne. A Ballon d'Or na 28 ga Oktoba, 2024, jama'a da dama sun sakankance Vinicius Junior ne, har aka wayi gari Real Madrid ta ƙi zuwa bikin, aka kuma ba Rodri na Manchester City. Duk wanda ya haɗa kati ɗaya tilo, ko ya saita shafi ya wallafa da kansa a wani lokaci, ya san abin da ya gani a waɗannan darare. Ƙa'idar ita ce a shirya wa kowane ɗan takara, kada a saita wallafa ta atomatik, kuma a jira shafin masu bikin ya tabbatar. Jinkirin minti ɗaya ya fi goge rubutu bayan mutane sun ɗauki hotonsa.

Mai aiki da Hausa yana da wata dama da wasu ba su da ita. Manhajojin fassara suna taimakawa, amma barkwanci da habaicin da ke cika irin waɗannan jawabai har yanzu sai mutum. Sai dai ya kula da haruffa masu lanƙwasa. Yawancin salon haruffan ado da ke cikin manhajojin zane ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Idan aka rubuta, sai harafin ya fito a wani salo daban ko ya zama ɗan akwati. Noto Sans da Andika suna da su. A gwada kalma kamar "ƙwararre" ko "haɗaɗɗe" a kowane samfuri tun kafin ranar. Mai yin rubutun ƙasan bidiyo da Subtitle Edit ko Aegisub kuma ya adana fayil ɗinsa a tsarin UTF-8, in ba haka ba haruffan za su rikice a wayar mai kallo.

Ina ake samun kwastoma? Ba a daren ba. Sabon asusu a Fiverr ko Upwork da ba shi da shaidar aikin baya da wuya ya samu oda cikin kwana ɗaya. Hanyar da ta fi kusa ita ce mutum ya zaɓi shafuka goma da ke wallafa irin wannan labari, ya haɗa samfuri biyu ko uku da sakamakon bara, ya tura musu da farashi ƙarara mako uku kafin bikin. Ya fi kyau a sayar da aikin dunƙule, misali kati goma sha biyar da rahoton safe a kan kuɗi kaza, maimakon ciniki a kan kowane hoto da tsakar dare.

Masu rubuta manhaja

Ga mai ɗan sanin HTML da JavaScript, ko ma Google Sheets kawai, akwai ƙananan ayyuka da gidan rediyo, gidan abinci ko babban shafi zai iya biya.

Na farko shi ne shafin sakamako na kai tsaye. Ba ya buƙatar babbar saba. Shafi mara nauyi a GitHub Pages, Netlify ko Cloudflare Pages, wanda ke karanta ƙaramin fayil na JSON duk bayan rabin minti, zai ɗauki baƙi da yawa fiye da shafin WordPress da ke kan saba mai arha, saboda kwafinsa ake rarrabawa ba sai an sake gina shi ga kowane baƙo ba. Editan da bai san lambobin kwamfuta ba zai iya sabunta sakamakon daga Google Sheets.

Na biyu shi ne gasar hasashe. Mabiya shafi su cike fom su zaɓi waɗanda suke ganin za su ci, a rufe fom ɗin kafin a fara biki, tsarin ya lissafa maki da kansa, mai tallafawa ya ba da kyautar kati ko data. Za a iya yin sa da Google Forms ko da bot na Telegram. Abu biyu ne abin kiyayewa. Da zarar an ce sai mutum ya sa kuɗi kafin ya shiga, to ya koma caca, kuma wannan yana da dokarsa da lasisinsa, ban da abin da addini ya ce. Sannan lambobin wayar da aka tara amana ce. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ba ta yarda a yi amfani da su a wani abu da masu su ba su amince da shi ba.

Na uku shi ne agogon ƙirga lokacin da ya rage. A nan ne sabbin masu rubuta manhaja ke yawan faɗuwa. A adana lokacin a UTC, a bar burauzar mai kallo ta mayar da shi agogon garinsa. Wanda ya rubuta tazarar awa da hannu zai ba mutanen Ghana lokacin da ba daidai ba, domin suna bayan Najeriya da awa ɗaya, kuma sauyin agogon Amurka zai iya rikita masa lissafin gaba ɗaya.

Masu sana'ar hannu da gidajen kallo

Jan kafet talla ne na kyauta ga tela. Kwana biyu bayan AMVCA, hotunan kayan da aka sa suna yawo a Instagram da WhatsApp, mata da maza suna nuna wa telansu suna cewa irin wannan. Telan da ya bi shirin, ya san wane ɗinki ake magana a kai, ya sa hoton irin aikinsa da farashi a WhatsApp Business, shi zai fara samun kira. A Legas kuwa masu kwalliya, masu ɗaurin kallabi da masu ɗaukar hoto kan cika da aiki tun makon bikin.

Mai gidan kallon ƙwallo zai iya mayar da daren Ballon d'Or ko na CAF kamar daren babban wasa, ya haɗa kai da mai shayi da mai tsire. Ya dai sani cewa rajistar DStv ta gida ba ta ba da izinin nuna wa jama'a don kuɗi ba, kamfanin yana da tsarin 'yan kasuwa daban.

Abin da ke rufe asusu: haƙƙin mallaka

Hanyar da ta fi jan sababbi ita ce yanko bidiyon bikin a ɗora a YouTube, Facebook ko TikTok. Ita ce kuma ta fi haɗari. Bidiyon mallakar masu bikin ne da tashar da ta sayi izinin nunawa. YouTube yana da tsarin Content ID da ke gane sauti da hoto da kansa, ya toshe bidiyon ko ya karkatar da kuɗin tallarsa zuwa ga mai shi. Idan mai haƙƙin ya shigar da ƙorafi a hukumance, tashar za ta samu gargaɗi, kuma gargaɗi uku cikin kwana 90 na iya sa a rufe ta. Juya hoton ko ƙara masa sauri ba ya sauya hukuncin.

Hotunan jan kafet ma haka. Yawancinsu na kamfanoni ne irin su Getty Images, AP da Reuters, masu sayar da lasisi. Mutum-mutumin Oscar da sunansa kuwa mallakar hukumar da ke shirya bikin ne, don haka buga su a riga ko kofi don sayarwa neman rigima ne. Najeriya ma tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta taɓo abin da ake ɗorawa a intanet.

Abin da ba shi da matsala shi ne labarin kansa. Cewa wane ya ci kyauta kaza ba mallakar kowa ba ce. Mutum zai iya faɗa da bakinsa, ya yi sharhi, ya yi nasa zanen, ya saka mahaɗar da ke kai mai karatu shafin masu bikin. Idan kwastoma ne ya kawo hoto, a tambaye shi a rubuce ko yana da izini.

Mai fatan kuɗin talla daga YouTube kuma ya san cewa sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kallon gajerun bidiyo miliyan 10 cikin kwana 90. Dare ɗaya ba ya kai sabuwar tasha can. Amfanin daren shi ne ya kawo sababbin mabiya, kuɗin kuwa ya fi saurin zuwa daga ɗan kasuwar da ya biya a ambaci hajarsa.

Kayan aikin da ba a wasa da su

Wuta: lambar da ke jikin fawa-banki ba ita ce ke shiga waya duka ba, domin ana asarar wani kaso wajen sauya ƙarfin lantarki. Mai 20,000mAh yakan cika waya mai batir 5,000mAh sau biyu da rabi zuwa uku, ba sau huɗu ba. A cika komai tun da rana.

Data: kallon YouTube a 720p yana cin sama da 1GB kaɗan a awa, a 480p kuwa wajen rabin haka. Biki mai awa huɗu a 480p ya ishi mai son jin suna kawai, ya bar sauran datar don tura aiki.

Layi biyu: a samu SIM na kamfanoni biyu daban, a gwada su a ɗakin da za a zauna, a daidai lokacin da za a yi aikin.

Jinkiri: abin da ake kallo ta intanet yakan biyo bayan na tauraron ɗan Adam da daƙiƙu da dama. Mai gaggawa ya buɗe shafin masu bikin a X ko Instagram a gefe.

Direba kuwa yana buƙatar mariƙin waya, cajar mota mai kyau da igiyar caji ta biyu. Wayar da ta mutu ƙarfe 11 na dare ta tafi da kasuwar.

Yadda kuɗin ke shiga hannu, da masu damfara

Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100, kuma ga yawancin masu sayar da aiki sai bayan kwana 14 kuɗin ke zama na cirewa. Aikin dala 50 ya zama 40, ban da abin da za a cire wajen fitar da shi ta Payoneer ko banki. Wanda ke buƙatar kuɗin cefanen gobe kada ya dogara da wannan. Ga kwastoman gida, a karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, a rubuta abin da aka amince a kai a saƙo guda: yawan aiki, lokacin miƙawa, gyara sau nawa. A duba kuɗin a manhajar banki, kada a yarda da hoton rasit ko saƙon tes.

Masu damfara ma sun san kalandar. Za a ga tallar aikin cike kujera a Oscar da albashi mai tsoka. Gaskiya ne akwai masu zama a kujerar tauraron da ya tashi don kada kyamara ta nuna gurbi, amma galibi aikin sa kai ne, kuma ba a ɗaukar mutum daga wata ƙasa ta WhatsApp. Za a ga rukunin Telegram da ke cewa a danna zaɓe ko a so wani hoto a biya mutum, su ba da 'yan canji da farko, sannan su ce a sa kuɗi don a hau mataki na gaba. Alamar ɗaya ce a ko'ina: aikin da ya ce sai ma'aikaci ya biya kafin ya fara, ko ya nemi lambar BVN da lambar sirrin da banki ke turowa, ba aiki ba ne.

Jadawalin shiri

Mako huɗu kafin biki: a zaɓi biki ɗaya da aiki ɗaya. A tabbatar da rana da lokaci daga shafin masu bikin.

Mako uku: a haɗa samfuri, a tura wa waɗanda ake son yi wa aiki, da farashi.

Mako ɗaya: a karɓi kafin alƙalami, a gama katunan duk 'yan takara, a tabbatar da yadda ake rubuta kowane suna. Direba ya duba mota da takardu, ya binciki titunan da za a rufe.

Ranar biki: a cika batir, a sayi data, a yi barcin rana idan aikin na tsakar dare ne.

Washegari: a miƙa rahoton safe, a karɓi cikon kuɗi, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita.

Wannan rubutun na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, domin bukukuwan suna dawowa. Grammy da Oscar a farkon shekara, AMVCA a Mayu, Ballon d'Or da na CAF wajen ƙarshenta. Samfurin da aka haɗa wa ɗaya zai yi wa na gaba aiki da ɗan gyara, shafin sakamakon da aka gina zai karɓi sababbin sunaye, kwastoman da aka cika wa alkawari da ƙarfe 3 na dare kuma ba sai an sake roƙonsa ba. Wanda littafinsa ya nuna masa cewa daren bai biya wahalarsa ba, shi ma ya ƙaru, don ya san bikin da zai bari ya wuce ya yi barcinsa.